Neman shawara: fentin zube yana darewa a kan kambas, yana ɓarewa a kan gilashi

Maman Iman:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da hantsi. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka ƙware a zanen zube, wato wanda ake tsinka fentin akirilik a kwarara shi a kan kambas (yadin zane da aka ɗame a jikin katako) ko gilashi, a riƙa karkata abin har launukan su bi juna da kansu, ba buroshi. Gwaji uku na yi a makon nan a Kano, kowanne da irin tasa matsalar.

Na farko kambas ne mai santimita 30 kowane gefe. Na tsinka fentin tub da ruwa zalla, launi shida: fari, ja, kore, shuɗi, rawaya da ruwan lemo. Na ajiye shi ƙarƙashin fanka don ya bushe da wuri. Gari na wayewa na tarar ya dare kamar ƙasar fadama da rani, launukan kuma sun cakuɗe sun koma ruwan ƙasa. Na biyu gilashin firem ne, bayan kwana biyu na sa farce a gefe sai fentin ya taso gaba ɗaya kamar leda. Na uku kwalbar furanni ce, na ɗiga man gashi mai silikon a fentin don in sami idanun nan masu zagaye da ake gani a bidiyo, sai fentin ya riƙa gudu yana barin gilashi fili wuri-wuri.

A ina kuskuren yake? Awo nake so a ba ni, ba "ki sa kaɗan" ba. Allah ya saka da alheri.

Malam Auwal:

Wa'alaikumus salam Hajiya. Tushen matsalar ruwa zallan nan ne. Fentin akirilik abu biyu ne a haɗe: garin launi, da danƙon roba da ke riƙe garin ya liƙa shi a jikin abu. Ruwa ba ya ƙara danƙo, raba shi yake yi. Kafin fentin tub ya yi ruwan da zai kwarara, kin riga kin zuba masa ruwan da ya fi ƙarfin danƙonsa, sai ya bushe ba ƙwari. Abin da ake yi shi ne a tsinka shi da wani abu mai nasa danƙon, shi muke kira mahaɗi, ruwa kuma ya zo a ƙarshe ɗigo-ɗigo.

Mahaɗi iri uku ne aka fi amfani da su. Akwai wanda aka yi musamman don wannan aiki, irin Liquitex Pouring Medium, shi ya fi inganci amma da tsada. Akwai Floetrol, wanda asalinsa na masu fentin gida ne don hana shatin buroshi. Ana sa kashi 2 nasa a kashi 1 na fenti, kuma a tace shi da tsohon mayafi kafin amfani saboda yana yin gudaji. Sai farin gam na kafintoci, irin Top Bond, wanda shi ne mai sauƙin samu a wurinmu. Mai koyo ya fara da shi.

Ga awon na gam. Ki ɗora roba a sikelin kicin, ki auna gam giram 60, ruwa mai tsabta giram 40, ki juya a hankali har su zama abu ɗaya. Wannan ne mahaɗinki. A kowane kofi ki sa fenti kashi 1, mahaɗi kashi 1. In fentin mai kauri ne sosai, mahaɗi kashi 1 da rabi. Ki fara murje fentin da ɗan mahaɗi kaɗan har gudajin su mutu, sannan ki ƙara sauran. In kika juye duka lokaci ɗaya, gudajin za su yi ta yawo a ciki, su fito a fuskar zane kamar tsakuwa.

Gwajin kauri: ɗaga sandar juyi, fentin ya zubo kamar zare ba ya tsinkewa, in ya sauka a kofi ya yi ɗan tudu, tudun ya nutse cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. Kamar zumar da ta sha rana. In yana ɗiga ɗis-ɗis ya yi ruwa, in yana faɗowa guntu-guntu ya yi kauri. Ruwan gyara rabin ƙaramin cokali za ki riƙa sawa, ki juya, ki sake gwadawa. Abin da ya fi komai muhimmanci a nan shi ne duk kofunan su zama kauri ɗaya. In ɗaya ya fi sauran ruwa, shi zai tsere ya rufe su, kuma ba za su bushe tare ba.

Yawan fenti kuwa, ki buga tsawo da faɗi a santimita ki raba da 5, abin da ya fito shi ne mililita na fentin da aka riga aka haɗa. Kambas ɗinki 30 sau 30 ya ba da 900, a raba da 5 ya zama mililita 180, har da na rufe gefuna. Mai 20 da 20 mililita 80, mai 30 da 40 mililita 240. Bayan haɗi ki rufe kofunan ki bar su aƙalla minti 30 kumfar da juyi ya shigar ta fita.

Anti Bilki:

Maman Iman, bayanin Malam Auwal daidai ne, amma ko da haɗinki ya yi kyau fankar nan kaɗai ta isa ta dare miki zane, musamman yanzu da hunturu ya shigo. Zube ba shafa ba ne, fentin yana kwanciya da kaurin milimita ɗaya zuwa biyu. In iska busasshiya ta bi ta kansa, saman ya yi fata cikin ɗan lokaci, ƙasan kuwa yana nan jiƙe. Can ƙasan ya zo bushewa yana tsukewa, sai ya ja fatar saman ya yage ta. Darewar da kika gani ke nan. Saboda haka aikinki rage wa bushewa gudu ne, ba ƙara mata ba.

Ki kashe fanka, ki rufe taga. Ki samo kwalin da ya fi kambas ɗin girma ki kife a kansa, ki ɗan ɗaga gefe ɗaya da faɗin yatsa don tururin ya sami hanya. Da hunturu ki ajiye ɗan kwano da ruwa a ƙarƙashin kwalin, gefe guda, danshinsa zai sa saman ya jira ƙasan. Kwalin kuma shi ke tare ƙura, don ƙurar hunturu in ta kwanta a ɗanyen fenti ta zauna ke nan. Ki share cikin kwalin da jiƙaƙƙen tsumma kafin ki kife shi. Kada ki kai zane rana, kada ki hura masa handiraya da niyyar busarwa. Kwana biyu zuwa uku kafin ki taɓa. Da damina kuma ba ruwanki da kwanon ruwa, kuma bushewa na iya kai kwana biyar.

Abu na biyu da ke kawo darewa shi ne fenti ya taru a tsakiya. In yadin kambas ya saki, nauyin fenti yana lotsa shi ya zama kwari, wurin ya yi kauri ninki biyu. Kafin ki fara, ki ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya yi ƙara kamar ganga. In ya saki, ki fesa ruwa a bayansa ki bar shi ya bushe, zai ɗame. Kuma ki karkata har rarar fentin ta zube ta gefuna. Jin tausayin fenti, a bar shi jingim a kan kambas, shi ke jawo asarar zanen gaba ɗaya.

Sai daidaiton wurin ajiya. Ki kife kofuna huɗu masu tsayi ɗaya a kan leda, ki ɗora kambas, ki duba da lebul na magina ta tsawo da ta faɗi. In babu lebul, ki ɗora faranti da ruwa ki ga inda ruwan ya karkata. Fentin yana ci gaba da tafiya awanni bayan kin gama, in teburin ya ɗan jirkice da safe za ki tarar rabin zanen a ƙasa. Minti goma bayan zube ki bi ƙasan gefuna da sanda ki katse ɗigon da ke lilo, don ɗigon yana jan fentin sama yana saukowa da shi.

Abu Sadik:

Hajiya, ni kan launi zan yi magana. Shidan da kika lissafa akwai abokan gaba biyu a ciki: ja da kore, shuɗi da ruwan lemo. Na ukunsu rawaya da shunayya. Duk inda waɗannan suka cakuɗa ruwan ƙasa suke bayarwa, ba makawa, ko da fentin mai tsada ne. Ki tsaya a launi uku da fari. Misali shuɗi mai duhu, shuɗi-kore, ruwan zinariya da fari. Ko ja, ruwan lemo, rawaya da fari. In dole sai kin haɗa abokan gaba, ki raba su da fari a tsakani lokacin jerawa a kofi.

Hanyar kifa kofi ta fi sauƙi ga mai farawa. Ki ɗauki kofi mai cin mililita 200 ko fiye. Fari ya fara shiga, kamar mililita 30, sai sauran launuka ɗaya bayan ɗaya, kina zubawa ta jikin kofin a hankali don su hau kan juna ba su nutse cikin juna ba. Ki maimaita jerin sau biyu. Kada ki juya ko sau ɗaya. Ki ɗora kambas a bakin kofin fuskarsa ƙasa, ki riƙe biyun ki kife, ki jira minti ɗaya fentin ya gama sauka, sannan ki ɗaga kofin ta gefe. Nan ma ki dakata rabin minti kafin karkatawa. Ki kai fentin kusurwa ɗaya, ki dawo da shi tsakiya, sannan wata kusurwar. Kusurwa huɗu, shi ke nan. Yawan kai da komowa shi ke dama launuka, shi ke miƙe idanu su zama zare.

Dalilin sa fari a farko: abin da ya fara shiga kofi shi ke zama a sama in an kife. Farin titaniyom garinsa nauyi gare shi, ya fi na yawancin launuka, irin shuɗin fitalo ko baƙin gawayi. In mai nauyi yana sama, zai nemi nutsewa, marasa nauyi su huda shi su taso, shi ne idanun da kike gani. Wannan ba sabon abu ba ne. Mai zanen nan ɗan Meziko, David Alfaro Siqueiros, ya yi ta aiki da shi tun shekarun 1930, yana zuba launi a kan launi yana barin su su ratsa juna, kuma mai zanen nan ɗan Amurka, Jackson Pollock, na cikin matasan da suka halarci ɗakin gwajinsa a Niyok a 1936. Ma'ana idanu suna fitowa ko ba silikon, matuƙar kaurin ya daidaita kuma jerin ya yi daidai.

Wani abu kuma, ki tabbata akirilik ne a hannunki. Fentin fosta na 'yan makaranta yana narkewa in ruwa ya taɓa shi bayan ya bushe, fentin mai na ƙofofi kuwa ba ya haɗuwa da gam ko ruwa sam.

Ummu Salma:

'Yar uwa, gilashi wata duniya ce daban. Kambas yana da saƙa, yawanci kuma an shafa masa jeso, wato farin shafin share fage da ake sawa kafin fenti, tun daga shago, fenti yana samun abin kamawa. Gilashi sumul yake, ba ya shan komai, fentin kwanciya kawai yake yi a kai. Ɗan maiƙon yatsa ya isa ya hana shi liƙewa.

Ki wanke gilashin da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ki ɗauraye, ya bushe. Ki goge da sifirit a tsumma marar gashi, daga nan kada fatar hannunki ta sake taɓa fuskar, ki sa safar hannu ki riƙe ta gefe. In gefen gilashin da kaifi, ki naɗe shi da salatif na takarda tun kafin wanki, kada ya yanke ki.

Daga nan sai ki yanke shawara: ta wane gefe za a kalli zanen?

In ta gefen fentin za a kalla, ki ba gilashin ƙaiƙayi. Samfefa baƙa mai jure ruwa, lamba 220 zuwa 320, ki jiƙa ta ki jiƙa gilashin ki goga har ya yi hazo-hazo. A jiƙe ake yi don kada ki shaƙi garin gilashi. Ki sake wankewa da gogewa da sifirit, ki shafa jeso siriri sau biyu, awa biyu tsakani, ki bar shi ya kwana, sannan zube.

In kuwa ta cikin gilashin za a kalla, kamar na firem ko faranti mai gilashi, kada ki sa samfefa ko farin jeso. Ki shafa mahaɗi marar launi mai sheƙi, siriri, ya kwana. Ki sani a nan komai ya juye: abin da ya taɓa gilashi shi ido zai gani, ba abin da ke sama ba. Farin da Abu Sadik ya ce yana nutsewa, nan zai sauka ya kwanta a gilashin ya rufe miki launuka. Don haka sauran launukan su fara sauka, fari ya zo a ƙarshe ko ki rage shi sosai. Ki ɗora gilashin a kan kofuna masu tsayi yadda za ki iya leƙawa ta ƙasa kina gani. Daɗin wannan hanya, gilashin kansa ya zama kariya da sheƙi, bayan kawai za ki rufe.

Game da farcen da kika sa bayan kwana biyu, kin yi gaggawa. A kan gilashi ruwa ta sama kaɗai yake fita. Kwana huɗu kafin taɓawa, mako uku zuwa huɗu kafin ya kama sosai. A kwana biyu ko fentin da aka haɗa daidai zai iya tasowa.

Kwalbar furanni: ki toshe bakinta da salatif, ki kife ta a kan kofi ko gwangwani siriri, ki sa kambas a ƙasa ya tari abin da ya zubo, sai ki sami zane biyu da fenti ɗaya. Ki zuba daga gindin da ke sama kina zagayawa. Haɗin ya ɗan fi na kambas kauri, tudun ya kai daƙiƙa uku kafin ya nutse, in ba haka ba zai sulale ya bar kafaɗar kwalbar da ɗan hazo kawai. Silikon kuma kada ya kusanci wannan aikin. Mai ne, duk inda ya taɓa gilashi fenti ba zai zauna ba, shi ne filin da kika gani.

Maman Iman:

Ma sha Allah, Allah ya ƙara basira. Yanzu na ga inda na kauce. Tambaya biyu ta rage. Na ji ana cewa in an gasa gilashin a oba fentin ba ya ɓarewa, gaskiya ne? Kuma zan iya yi a kofunan shan ruwa don kyauta?

Ummu Salma:

Gashi na fentin da aka yi domin gashi ne kaɗai, kuma a jikin kwalbarsa ake rubutawa. Misali Pebeo Vitrea 160: ya bushe awa 24, a sa shi a oba tana sanyi, in ta kai digiri 160 na Salsiyos a ƙirga minti 40, a kashe a bar shi ya huce a ciki. Sa gilashi a oba mai zafi ko fito da shi da zafinsa yana fasa shi. Amma akirilik na tub da aka haɗa da gam ko Floetrol ba a gasa shi, kumbura zai yi ya yi ƙuraje. Ko fentin gilashin ma in kin tsinka shi da gam kin ɓata abin da ke sa shi kamawa.

Kofin sha, a waje kawai, kuma ki naɗe santimita 2 daga baki da salatif kada fenti ya je inda leɓe ke taɓawa. Ki cire salatif ɗin tun fentin yana ɗanye-ɗanye, in ya bushe tare za su taso. A gaskiya zube bai dace da abin da ake wankewa kullum ba. Kwalbar furanni, firem, gilashin agogo, faranti na ado, nan ya fi daɗewa.

Injiniya Kabiru:

Ina da ɗan saɓani da Malam Auwal a kan gam, duk da na yarda shi ne na koyo. Farin gam yana sake laushi in ya sha ruwa, kuma yana iya yin rawaya in an daɗe. A kambas ɗin da za a rataye a ɗaki ba laifi. A gilashi, inda danshi ke iya shiga ta gefe ya bi ƙarƙashin fentin, ban ba da shawararsa ba, Floetrol ma haka, domin shi ba danƙo yake ƙarawa ba, santsi yake ƙarawa. Ga abin da za a bayar kyauta ko a sayar, a nemi mahaɗi na akirilik tsantsa. Kamfanin Golden yana da wani mai suna GAC 800 da aka yi musamman don rage darewa a zube. In ya yi tsada, a yi rabi da rabi da haɗin gam, ko a ajiye shi don ayyukan gilashi kawai tunda ƙanana ne.

Silikon a kan kambas yana da amfani in an san awonsa. Man gashi ba shi ne ya fi ba, saboda ana cakuɗa shi da wasu mayuka da turare. A nemi silikon zalla, irin wanda ake sa wa belin injin gudu na motsa jiki. Ɗigo 1 zuwa 2 a mililita 30 na fenti, a launi biyu kawai, ban da farin. Juyi biyu ko uku yana ba da manyan idanu, juyi da yawa yana farfasa man ya ba da ƙanana. Kafin zube a shimfiɗa farin fenti marar silikon siriri a kan kambas, don man ya sami fenti a ƙarƙashinsa, kada ya taɓa yadin ya bar rami.

Wutar da ake gani a bidiyo ana bi da ita ta saman fentin 'yar fitilar gas ce irin ta masu kek. Tana fasa kumfa, tana kuma taso da silikon. Tazarar santimita 15, hannu yana tafiya ba tsayawa, wucewa biyu ta isa. In ta tsaya wuri ɗaya tana dafa saman ya yi fata, mu koma maganar Anti Bilki. Don Allah Hajiya, kafin kunna ta a rufe kwalbar sifirit a fitar da ita daga ɗakin tare da tsumman da aka goge gilashi da shi, a ɗaure mayafi ta baya, a janye ledar da ke lilo, yara su fita. In babu fitilar, tsinken sakace yana fasa kumfa ɗaya-ɗaya, ɗan bubbuga kambas a kan tebur kuma yana taso da na ciki.

Malam Auwal:

Na karɓi gyaran Injiniya a kan gilashi. Bari in ƙara maganar rufi, don nan ma ana asarar zane mai kyau.

Akirilik in ya bushe yana dusashewa, musamman na gam da na Floetrol, banish, wato shafin kariya marar launi da ake yi a kai, shi ke dawo da hasken. A jira mako uku. In an rufe da wuri, danshin da ya rage a ciki yana sa banish ya yi gajimare. In an sa silikon dole a cire shi tukuna, in ba haka ba banish zai riƙa gudu yana barin ramuka kamar yadda fenti ya yi a kwalbar. A barbaɗa garin sitaci ko hodar jarirai, a murza da tafin hannu a hankali, a bar shi awa ɗaya ya tsotse man, a kaɗe da buroshi mai laushi. Sannan tsumma mai ɗan danshi da ɗigon sabulun wanke-wanke, sai wani tsumman mai ruwa zalla, a bar shi ya kwana. In haɗin na gam ne a matse tsumman sosai, kada a tsaya gugar wuri ɗaya. Shafin farko ya fi kyau da banish na fesawa, a waje, tazarar santimita 25 zuwa 30, siriri. Shafi uku sirara sun fi ɗaya mai kauri.

Mai son sheƙi irin na madubi sai rezin, wato ruwa biyu da ake haɗawa su daskare kamar gilashi. A karanta awon da ke jikin kwalba, wasu 1 da 1 ne, wasu 2 da 1, kuma ba a ƙiyasi. A juya minti uku ana kankare gefe da gindin kofi, wanda bai juyu ba yana barin wuri mai danƙo da ba ya bushewa har abada. Kambas mai 30 da 30 yana cin mililita 130 zuwa 150. Safar hannu dole, taga a buɗe. Da zafin bazara yana saurin kamawa, a yi shi da sassafe. A kife kwali awa 24, kwana uku kafin amfani. In faranti ne, kada a ɗora masa butar shayi mai zafi, zai yi shati.

Wajen ajiya, kada a jingina zane biyu fuska da fuska, kuma kada a naɗe da jarida. Akirilik yana laushi da zafi, za su manne.

Anti Bilki:

Ƙarin kaɗan kan wanki. Kada a wanke kofuna a wurin wanke-wanke, fentin yana daskarewa a bututu ya toshe shi. A bar su su bushe, sai a ɓare fentin kamar fata a jefa a shara. Wanda ya zuba a leda ma in ya bushe yana ɓarewa da kyawawan launuka, ana yanka shi a manna a bayan ƙwayar gilashi a yi 'yan kunne ko abin maƙala makulli. Ragowar haɗi a rufe shi ruf, yana kai mako biyu. In ya fara wari ko ya yi furfura a sama, a zubar.

Maman Iman:

Na rubuta duka. Kambas ɗin da ya dare da gilasan biyu fa, in zubar ko suna gyaruwa?

Ummu Salma:

Duk suna gyaruwa. Gilashin firem da kwalbar ki jiƙa su a ruwan ɗumi mai sabulu minti 30, fentin zai saki, ki kankare ragowar da reza a kwance. Kwalbar da silikon ya taɓa ki wanke ta sau biyu, ki goge da sifirit sau biyu da sabon tsumma kowane karo. Gwajinta: ki zuba mata ruwa, in ya bi jikinta shimfiɗe ta fita, in ya dunƙule ɗigo-ɗigo da sauran mai.

Kambas ɗin ki bar shi mako biyu ya gama bushewa, ki sa kwali mai kauri a bayansa don kada yadin ya lotsa, ki bi tsagogin da samfefa lamba 220 har bakinsu ya kwanta. Ki share garin, ki shafa jeso sau biyu ko uku, kina ɗan gogawa tsakani. In bayan shafi na uku yatsa yana jin tsagar, za ta fito a sabon zanen, sai ki mai da shi kambas ɗin tarar fenti a ƙarƙashin kwalba. Kafin ki sake zuba mililita 180, ki gwada haɗin a kan ɗan tayil ko kwali mai santimita 10, mililita 20 kacal, ki kife masa kwali ki duba shi bayan kwana biyu.